Dokin Zage: Nauyin Doki na Biyu a Ƙasar Kabi, Daga Kanta Zuwa Zamanin Mota

Duk wanda ya taɓa kallon hawan sarki ya ga wasu dawaki da aka ɗaura wa sirdi da kayan ƙawa, ana jan su babu kowa a kansu. Su ne dawakin zage. A yau ado ne na sarauta, amma asalinsu lissafi ne na yaƙi da tafiya. Wannan tsohon lissafi yana da amfani ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa a Badariya wanda yake da doki ɗaya a turke, yana kuma shawarar ƙara na biyu.

Tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga zamanin Sarki Kananeji, wajen 1390 zuwa 1410. Dokin da ya ɗauki lifidi da barde mai sulke ba ya iya doguwar tafiya sannan ya yi sukuwa a fagen daga. Saboda haka babban barde yakan hau wani doki a hanya, a jawo masa na yaƙi babu kaya, sai an tunkari abokan gaba a ɗaura lifidi. Doki na biyu shi ne abin sufurin na farko: aikinsa ya kai ɗan'uwansa fage da sauran ƙarfinsa.

Wannan dabara tana da tsada. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ruwaito a ƙarni na 16 cewa Sarkin Borno yana sayen doki ɗaya daga fataken Arewacin Afirka da bayi goma sha biyar ko ashirin. Da rayukan mutane ake biyan kuɗin barga. Bayan saye kuma sai ci: dawa, dusa, harawa, kanwa, da mutumin da zai yanko ciyawa safe da yamma. Shi ya sa fadojin ƙasar Hausa suka ware sarautu domin doki, irin su Shamaki mai kula da barga da Madawaki mai jagorantar mahaya. Sarki ne yake raba dawaki ga barorinsa, domin mai rumbuna da yawa ne kaɗai zai iya ciyar da su. Ganimar yaƙi ce take mayar da abin da aka kashe, kuma a kan rabon ganima ne Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, bayan yaƙin Agadas, ya tsayar da daular Kabi.

Malaman fiƙihu ma sun yi wannan lissafi. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, ɗan ƙasa yana da kaso ɗaya a ganima, mahayi yana da uku: ɗaya nasa, biyu na dokinsa, saboda ɗawainiyar ciyar da shi. To, idan ya zo da dawaki biyu fa? Imam Malik ya tafi a kan cewa doki ɗaya kawai ake ba kaso, wanda aka yi yaƙi a kansa. Imam Ahmad da Abu Yusuf sun yarda a ba biyu, amma a wannan ƙasa maganar Malik ce abin riƙo. Ma'ana, doki na farko yana iya biyan kuɗin kansa, na biyu kuwa daga aljihun mai shi yake ci.

Yawan dawaki kuma bai taɓa zama tabbacin nasara a wannan kwari ba. A yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, jama'ar Shehu Usmanu ba su da dawaki sai kimanin ashirin, suka karya rundunar Gobir mai lifida. A 1805 Birnin Kebbi ta faɗa hannunsu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo. Daga baya daular Sakkwato da Gwandu suka zama masu dawaki da yawa, amma Kabawan da suka tattara a Argungu, musamman daga tashin Yakubu Nabame a 1849, sun gagari mahayansu har zuwan Turawa, in ban da shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, daga 1867 zuwa 1875. Cikin abubuwan da suka taimake su akwai fadamar gulbin Kabi: idan ruwa ya sauka, kwalekwale ya fi ingarma amfani.

Fatauci ma da ƙafa dokin yake kai kansa kasuwa. Ana sauko da dawaki daga Azbin da Arewa da Borno, a bi da su ta kasuwanni irin Jega zuwa Nupe da Ilori, inda ƙudan tsando ke sa musu sammore, su mutu, a sake neman wasu. Kuɗin sufuri a lokacin kwanaki ne: hatsin kowane zango, ladan masu ja, da kuɗin fito a bakin Kwara. Baturen nan Heinrich Barth ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya sha fama da fadamu a farkon damina, ya haye Kwara a Sayi cikin watan Yuni. Ya ce jiragen fiton itace biyu ne aka fafe aka ɗinke a tsakiya, mafi girmansu yana ɗaukar raƙuma uku. Kowane kwana da aka ƙara a hanya yana rage naman doki, yana rage farashinsa.

Ranar 15 ga Maris 1903, bindiga mai ruwa ta kawo ƙarshen zamanin barde a bakin ganuwar Sakkwato. Doki ya bar fagen daga ya koma hawan salla, sukuwa, da manyan tarurruka irin hawan daba na Kaduna a 1956 da 1977. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, amma bai zo Birnin Kebbi ba. Saboda haka wannan yanki daga kofato ya tsallaka kai tsaye zuwa babbar mota. Aikin da dokin zage yake yi, wato kai doki fage bai gaji ba, yau mota ce take yin sa. Bambancin shi ne da hatsin rumbu ake biya a da, yanzu kuwa da tsabar kuɗi, kuma tun cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin ya ƙara nauyi.

Daga nan mai shawara zai iya ɗaukar ma'auni. Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, ci kuwa kullum ne. Doki yana cin busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa a rana, yana shan ruwa lita 20 zuwa 40, fiye da haka a bazara. Harawar da aka saya aka adana da kaka ta fi ta watan Afrilu araha nesa ba kusa ba, amma tana buƙatar wurin ajiya, kuma fili a unguwa irin Badariya ba kamar na ƙauye ba ne. Sai ladan mai kula, magani, da sirdi da linzami na biyu. Idan ingarmu biyu ne, sai an nisanta turakunsu, domin faɗa suke yi.

Wajen sufuri, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kimanin kilomita 50 ne, tafiyar da doki kan yini yana yi, mota ta yi ta cikin awa guda. Hanya mafi sauƙi ita ce masu dawaki su haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota ɗaya. Amma arhar da za ta karya ƙafar doki ta fi kowace tsada. A duba daɓen motar, a wanke shi idan shanu ta ɗauko, a zuba yashi ko ƙaiƙayin shinkafa don kada santsi ya kwashe shi, a sa shinge tsakanin dawaki, a tashi da asuba. A doguwar tafiya a tsaya duk bayan awa huɗu a shayar da su, kada kuma a ɗaure kan doki sama tsawon hanya, domin hakan yana jawo ciwon huhu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Magabata ba su ja doki na biyu sai don yana da aikin da zai yi, kuma akwai rumbun da zai ɗauke shi. Wanda zai iya faɗin aikin, ya kuma ƙirga cin shekara guda da kuɗin mota kafin ya taya, ya kafa turke na biyu. Wanda bai iya ba, doki ɗaya mai ƙoshi ya fi biyu masu rama kyan gani ranar hawa.