Ostiya da Fortus: Tashoshin Jiragen Ruwan Birnin Rum

Ostiya tsohon gari ne a bakin kogin Tiba, kimanin kilomita 25 daga birnin Rum. Marubutan Rumawa sun ce Sarki Ankus Marsiyus ne ya kafa shi, amma ginin da ya fi daɗewa cikin waɗanda aka tono sansanin soja ne na ƙarni na 4 kafin Miladiyya.

Buƙatar ciyar da mutanen Rum ce ta ɗaukaka garin. A zamanin Sarki Agustas mazauna birnin sun kusa miliyan ɗaya, kimanin 200,000 daga cikinsu suna karɓar alkama kyauta duk wata. Daga Masar da Sisili da Arewacin Afirka ake kawo ta. Sai dai yashi ya cika bakin kogin, don haka manyan jiragen Iskandariya sukan sauke kaya a Futeyoli, can kudu kusa da Nafoli. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa jirage kaɗan ne ke shiga teku, jinkiri kaɗan sai birni ya shiga fargabar yunwa.

A shekara ta 42 Miladiyya Sarki Kalaudiyus ya fara haƙa sabuwar tasha, Fortus, a arewacin Ostiya. An nutsar da ƙaton jirgin da ya taɓa ɗauko dogon ginshiƙin dutse daga Masar, aka ɗora hasumiyar fitila a kansa. Duk da haka, a shekara ta 62 guguwa ta hallaka jirage 200 a cikin tashar. Sarki Tarajan ne ya magance wannan a farkon ƙarni na 2, ya haƙa tafki mai kusurwa shida daga ciki, aka kewaye shi da rumbuna. Daga nan ake juye kaya cikin kwale-kwale, a ja su da igiya har Rum.

A dandalin 'yan kasuwar Ostiya akwai ɗakuna kusan 60 masu zane a daɓe, ciki har da na fataken biranen Arewacin Afirka: na Kartaj da na Sabarata mai hoton giwa.

Darajar tashoshin ta fara dushewa bayan 330, da aka karkatar da alkamar Masar zuwa Kustantiniya, ta ƙara faɗuwa da ƙabilar Bandalawa ta ci Kartaj, tashar alkamar Arewacin Afirka, a 439. Yau yashi ya nesanta su daga teku, filin jirgin saman Fiyumicino kuma yana kan wani ɓangare na tashar Kalaudiyus.