Kuɗin Fansar Bayanai: Biya ko Ƙin Biya ga Cibiyoyin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Tsakure

Maƙalar ta nazarci tambayar da ke gaban duk cibiyar da masu kutse suka sace bayananta suka nemi kuɗi. Ta bi diddigin misalai uku daga waje, ta auna su da dokokin Nijeriya. Matsayarta: biya don a goge bayanan sata ba shi da madafa.

Gabatarwa

Ba Bahaushen da yau za a yi wa fassarar kuɗin fansa. Sai dai wanda aka yi garkuwa da shi, idan ya dawo, iyalinsa za su gan shi ido da ido. Bayani kuwa ana kwafarsa sau dubu, kuma ba mai iya shaidar cewa an goge shi.

Batun ya shafi yankin nan kai tsaye. Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Babura, wadda aka kafa a 2021, irin cibiyoyin da ke tara sunayen ɗalibai da lambobin NIN da sakamakon jarrabawa ne. A Roni da Gwiwa, asibiti da sakatariyar ƙaramar hukuma su ma amanar jama'a suke riƙe da ita.

Abin da Misalai Suka Nuna

A Fabrairun 2024, gungun BlackCat ya yi wa kamfanin Change Healthcare na Amurka kutse, daga baya kamfanin ya biya shi dala miliyan 22. Ba a jima ba wani gungu, RansomHub, ya fito da tasa buƙatar a kan waɗannan bayanan. A Fabrairun 2024 ɗin kuma hukumar NCA ta Birtaniya ta ƙwace na'urorin gungun LockBit, ta tarar da bayanan waɗanda suka riga suka biya suna nan daram.

Misalin kamfanin PowerSchool ya fi kusa da mu, domin bayanan makarantu ne. An yi masa kutse a Disambar 2024, ya biya, amma a Mayun 2025 sai ga wasiƙun barazana suna isa ga hukumomin makarantu ɗaya bayan ɗaya.

Akwai inda hukunci ke da nauyi: a kulle kwamfutocin asibiti, babu kwafin ajiya, ga marasa lafiya a kwance. Mabuɗin buɗe su da aka saya daga masu kutse ana iya gwada shi, don haka ban ga laifin shugaban da ya yi jinkiri a nan ba. Alƙawarin gogewa ne ba ya gwaduwa.

Matsayin Doka

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan ɓarnar na iya cutar da masu bayanan. Gyaran 2024 ga Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya rage wa'adin kai rahoto ga ngCERT daga kwana 7 zuwa sa'o'i 72. Biya a ɓoye don gudun abin kunya ba ya sauke wannan wajibi, kuma ɗalibar da lambarta ke hannun ɓarawo tana da haƙƙin a gaya mata kafin ya kira wayarta.