Suna Jari Ne: Maroƙi, Dillali da Mai Kaya a Tarihin Kasuwancin Damagaram

A ranar 25 ga Disamba 1852, Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanen Barno da ƙasar Hausa suka sani da sunan Abdulkarim, ya shigo Damagaram daga Kukawa, guzurinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Ya zauna fiye da wata guda yana sauraron saƙo daga arewa. Cikin watan Janairu 1853 sai wani Balarabe ya miƙa masa akwati biyu na sukari, waɗanda aka ɓoye kuɗin azurfa guda 1000 a cikinsu. A wancan zamani babu banki, babu gidan waya, babu kuma alƙali ɗaya da hukuncinsa ke ci daga Turabulus har zuwa Damagaram. Kuɗin sun ƙetaro Sahara ne bisa amanar mutanen da suka riƙe su hannu zuwa hannu, kowane yana tsoron kada sunansa ya ɓaci a zangon gaba.

Wannan ɗan labari yana buɗe wata tambaya da tarihin sarauta da na yaƙi ba su cika kulawa da ita ba: ta yaya mai sana'a yake yin suna a garin da ba jarida, ba allon talla, ba rediyo? Wa ke ɗaukar sunan baduku ko mahauci ko mai ƙuli-ƙuli ya kai shi kunnen baƙo, kuma wa ake kamawa in aka tarar kayan ba su kai yabon ba?

Birni da Zango

Masarautar Damagaram ta kafu a ƙarni na 18 ƙarƙashin inuwar Barno, a farkon ƙarni na 19 kuma Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya mai da Zinder mazaunin sarauta. Ƙarfinta ya kai ƙololuwa a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya riƙe mulki tun daga farkon shekarun 1850 har rasuwarsa a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a cikin gari. A arewa da ganuwar akwai Zango, masaukin ayarin Abzinawa da fataken da ke fitowa daga Agadas, Gat da Gadamus. Ta nan gishirin Balma da dabinon Kawar suke gangarawa kudu, ta nan kuma rawunan turkuɗi na ƙasar Kano, jemammun fatu, gashin jimina da hauren giwa suke haurawa arewa. Tare da su, abin da bai kamata a ɓoye ba, har da bayi, waɗanda hare-haren masarautar suka riƙa cika kasuwa da su.

Garin da baƙi ke shigowa kullum, kowa da harshensa, yana da matsala guda: mai saye bai san mai sayarwa ba. Dukkan dabarun talla na wancan zamani amsa ce ga wannan matsala.

Mai gida da dillali

Falke in ya sauka Zango ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Yana sauka ne gidan mai masaukinsa, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya ciyar da shi, sannan ya haɗa shi da dillali. Dillali shi ya san badukun da ɗinkinsa ba ya warwarewa da majemin da fatarsa ba ta wari in damina ta faɗi. In ya ce wa baƙo ya sayi na wane, maganarsa tana da nauyi saboda dalili ɗaya: yana cin la'ada, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan aka ba da kaya bashi bisa shaidarsa mai saye ya gudu, ko aka tarar da algus, ƙofarsa da ta mai gidan za a ƙwanƙwasa, domin baƙo yana tafiya, su kuwa suna nan. Wannan tsari bai tsaya a Damagaram ba. Masu bincike sun same shi da ransa a unguwar Sabo ta Ibadan da kasuwar Kumasi a shekarun 1960, a wajen dillalan shanu da goro.

Saboda haka ƙaramin mai sana'a da ke son kayansa su kai Agadas ko Kano, abin da ya fi nema shi ne ya shiga bakin dillali mai mutunci. Shiga wannan baki kuwa sai da shekaru na aiki mai kyau, tun da dillali ba ya jingina sunansa da abin da zai ja masa biyan diyya.

Maroƙi, sankira da kalangu

Hanya ta biyu ta fi sauri, ta fi kuma amo. Maroƙi yana tsayawa a taron suna ko na aure ya kira sunan attajiri, ya jero iyayensa da garuruwan da raƙumansa suka taka, ya faɗi kyautar da ya bayar, sankira kuma ya ɗaga murya ya maimaita adadin don na nesa su ji. Kyautar da aka yi wa maroƙi a bainar jama'a shaida ce cewa mai bayarwa yana da abin hannunsa, wanda kuwa aka san yana da shi, shi ake ba bashi. Attajiri yana sayen yabo da riga ko doki, yabon kuma ya dawo masa da amincewar masu kaya.

Ƙananan masu sana'a ma suna da nasu makaɗa. Kalangu na mahauta ne a ƙasar Hausa. Ranar da aka samu sa mai ƙiba, kiɗan ne ke shaida wa unguwa tun kafin a rataye nama. Ɗan magori da bai da maroƙi yakan zuba wa maganinsa kirari da bakinsa, har Hausawa suka yi masa laƙabi da mai wasa kansa da kansa. Matan da ke cikin kulle kuwa, masu fura da ƙosai da man gyaɗa, muryarsu a waje ita ce ƴar talla, wadda ke bi lungu-lungu tana kiran kaya, har a san furar gidan wance daga jin sautin yarinyar. Malaman makaranta sun san farashin wannan talla fiye da kowa, domin sau da yawa kujerar yarinyar ce a aji take zama wayam.

Sai dai maroƙi ya bambanta da dillali a wuri mai muhimmanci. Yabonsa na wanda ya biya ne, wanda ya hana kuma yana iya shan zambo a gaban jama'a. Ba a saba kai maroƙi gaban alƙali don ya ce wane mai gaskiya ne alhali ba haka ba. Mutanen da sun san wannan sarai: suna jin daɗin waƙa, amma in za su ba da dukiya sai su tambayi dillali.

Akwai kuma shaidar da ba ta magana. Wanda ya zaga Birni da Zango zai ga sauran gidajen ƙasa masu zanko a bisa da zane a fuskar zaure. Attajirin da ya kira gwanin magini ya ƙawata masa ƙofa yana gaya wa duk mai wucewa cewa ya kafu, ba shi da niyyar kwashe kayan mutane ya ɓace da dare.

Zuwan Nasara da tambarin kamfani

Babu wanda sunansa ya yi tashe a kasuwancin Damagaram a ƙarshen ƙarni na 19 kamar Malam Yaro, attajirin da hulɗarsa ta kai Turabulus. Bayan kisan Kyaftin Cazemajou a 1898 da shigowar sojan Faransa a 1899, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, baƙin masu mulki sun nemi taimakonsa wajen guzuri da kaya. Wannan kusanci bai tsare shi ba: a 1906, da aka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye aka tuɓe shi, zargin ya haɗa da Malam Yaro. Duk da haka sunan bai mutu ba, har daga baya wata majemar zamani a Zinder ta ɗauke shi, shaidar cewa suna nagari yakan daɗe fiye da dukiyar da ta haife shi.

Abin da ya karya tsohon tsarin shi ne sauyin hanya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Italiya ta afka wa Turabulus, sai kaya suka koma bin teku. A 1926 aka ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga Zinder zuwa Yamai. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, suna sayen gyaɗar Magarya da Matamai, suna sayar da yadi, sabulu da sukari masu ɗauke da tambari. Suna ya rabu da mutum ya koma kan kwali. Wanda bai yi boko ba yana gane kaya da hoton da ke jiki, wasu sunayen ma suka shige cikin harshe, har kowane garin wanki ya zama omo, kowane ɗanɗanon miya ya zama magi. Amma ko kamfanonin ba su iya shiga ƙauye da tambari kaɗai ba. Sai da suka ba ƴan ƙasa masu suna kuɗi a gaba su sayo musu gyaɗa, wato suka koma ga dillali ta wata ƙofa.

Daga rediyo zuwa wayar hannu

Rediyo da kaset sun faɗaɗa fagen maroƙi. Muryar Ma'azu Ɗan Alalo ta fita daga Damagaram ta zaga ƙasa, waƙoƙin Mamman Shata kuma suka sa aka san attajirai da direbobi a garuruwan da ba su taɓa takawa ba. Bayan Taron Ƙasa na 1991 gidajen rediyo masu zaman kansu suka bayyana, Anfani ta buɗe tasha a Zinder, mai shago ya samu damar biyan sanarwa da Hausa. Wayar salula ta bazu a shekarun 2000, daga baya WhatsApp, Facebook da TikTok suka ba mai ɗinki da mai kilishi damar nuna kayansu da hoto, ko su biya wani mai tarin mabiya ya yabe su.

Wannan mai mabiya magajin maroƙi ne: ana biyansa, yana yabo, jama'a na saurare. Wanda ya ɓace a tsakani shi ne dillali mai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mai saye a Diffa yana tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba bisa shaidar wanda ba zai biya ko dala ba in an cuce shi, abin da magabata suka kira cinikin biri a sama. Ƙaramin mai sana'a mai gaskiya ma yana cikin hasara, domin kowace yaudara tana rage darajar yabon da shi ma ya biya.

Ƙungiyoyin al'adu da malaman Hausa suna da aiki a nan wanda lokacinsa ke ƙurewa. Tsofaffin dillalan Kasuwar Dole da sauran sankirori da makaɗan mahauta suna ɗauke da kirarin sana'o'i, kalmomin ciniki da ƙa'idojin lamuni waɗanda mafi yawansu ba a rubuce suke ba. Ɗalibin da aka tura ranar Alhamis ya zauna gaban ɗayansu da littafi zai dawo da darasin adabi, zai kuma dawo da tambayar da kakanninsa ke yi kafin su kwance bakin jaka: wannan mai yabon, in kaya suka ɓaci, ina ne gidansa?