Allon Koki da Yaron da Aya Ba Ta Zama a Kunnensa

Kusan kowace Makarantar Lahadi tana da irin wannan yaro. Malama ta faɗi ayar haddacewa sau biyar, sauran yara sun ɗauka, shi kuwa baki kawai yake motsawa. Ba kurma ba ne, gama in an kira sunansa yakan waiga. Sai mu ce kunnen ƙashi gare shi, ko kuwa daƙiƙi ne. A shekara ta 1954 wani masani a Amurka, Helmer Myklebust, ya nuna cewa akwai yaran da kunnensu lafiya lau yake, amma ƙwaƙwalwa ba ta rarrabe sautin magana da sauri, balle a cikin hayaniya. Maganar tana shiga, sai dai a cakuɗe. Domin mu ga yadda za mu taimaki irin wannan yaro, bari mu duba tarihin hadda a ƙasarmu, mu fara daga maƙwabtanmu na cikin birnin Kano.

Koki tsohuwar unguwa ce a cikin ganuwa, ba nisa da Kasuwar Kurmi. An san ta da fatake da attajirai. A can Alhassan Ɗantata ya kafa gidansa, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya kuma shahara a cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, har ya rasu a 1955. Kamar sauran unguwannin birni, 'ya'yan Koki a zauren malam suke fara karatu, kowa da allonsa.

Yaro yakan fara da babbaƙu, wato haruffa zalla, sa'an nan farfaru, inda ake sa musu wasali. Haruffan ma an ba su sunaye na Hausa, kamar lam-ara da lam-jaye da ha-kuri, domin a bambanta siffofinsu. Malam yakan rubuta ɗan guntun karatu a allo da tawada, ya kira yaron gabansa shi kaɗai, ya biya masa, yatsan yaron yana bin kowane harafi. Ba za a wanke allon a ƙara wani ba sai na farko ya zauna. In ya girma shi zai rubuta da hannunsa. Mai neman zama alaramma kuwa yakan rubuta abin da ya haddace da ka, malam ya gyara, har izu sittin su cika. Ashe ido da hannu da baki duk suna taya kunne ɗaukar kaya.

Kada mu ce hanyar ba ta da aibu. Zauren yakan cika da muryoyi, kowa yana nasa karatu da ƙarfi, ga bulala a hannun malam. Hayaniya da tsoro su ne manyan abokan gāban yaron da muke magana a kai. Abin da ya cece shi shi ne allon da ke kan cinyarsa, da ɗan lokacin nan da yake zama gaban malam shi kaɗai.

Mu kuma yaya namu tarihin yake? A 1900 Bishop Tugwell da abokansa na CMS, har da Likita Mila, suka iso Kano, Sarki Aliyu Babba ya sallame su. Aikin ya kafu a Zariya, daga baya a Wusasa, a Kano kuwa ikilisiyoyi suka tashi a Sabon Gari, bayan ganuwa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Masu bi na farko sun ɗauki karatu da muhimmanci ƙwarai, har a wurare da yawa mai neman baftisma sai ya koyi karatu tukuna. Aya tana shiga ta ido da kunne tare.

Nakasassu ma ba a manta da su ba. Mishan ta SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Andrew Foster, mai bishara baƙar fata daga Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Gwamnatin Kano ta buɗe ta Tudun Maliki a 1977. Amma yaron nan namu ba makaho ba ne, ba kurma ba ne, saboda haka ba wanda ya gina masa kome. Da ikilisiyoyi suka cika, aji ɗaya ya tara yara masu yawa a gefen sujadar manya, ga lasifika ga ganguna, sai hadda ta koma faɗa a maimaita. Muka ɗora wa kunne kayan duka.

Ba koyarwar maƙwabtanmu muke cewa a aro ba. Allonsu dai yana tuna mana abin da ke cikin Littafinmu tun dā. A Maimaitawar Shari'a sura 6 an umarci Isra'ilawa su koya wa 'ya'yansu dokokin da baki, su kuma ɗaura su a hannu, su rubuta su a ƙofofin gida. Zabura 119 an tsara ta kashi 22 bisa haruffan Ibrananci, kowane kashi aya 8, tsarin da ke taimakon mai hadda. A Markus sura 7, da aka kawo wa Yesu kurma, sai da ya janye shi daga taro, ya taɓa kunnensa da harshensa, kafin ya yi magana.

Saboda haka mu koya wa malamanmu abubuwa kaɗan. A zaunar da yaron a gaba, inda zai ga bakin malama. A raba aya gunduwa-gunduwa, kada a ƙara sai ta farko ta zauna. A rubuta masa da manyan haruffa, ya bi da yatsa, ya kwafa da hannunsa, ya tafi da ita gida. A ba shi minti biyar a wuri shiru, shi kaɗai. A bayyana masa ma'anar kafin a nemi hadda. Kada a tsai da shi gaban jama'a a kunyata shi. A kuma shawarci iyaye su kai shi asibiti a gwada jinsa.

In ba mu yi haka ba, abin da yaron zai haddace shi ne cewa Maganar Allah ta masu kaifin kai ce, ba tasa ba. Makiyayin da ya san tumakinsa ba zai yarda da wannan ba.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Wane yaro ne a ikilisiyarmu muka yi wa shaidar taurin kai ba tare da bincike ba?
2. Ina wurin da ya fi shiru a harabar majami'armu, wa kuma zai zauna da yaron a can?