Gano Girman Abu Mai Daf da Nutsewa ta Hanyar Nauyi da Kaurin Ruwa: Misali daga Jarkar 'Yan Garuwa a Gudu

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake gano girman abin da ruwa ya shafe kansa amma bai nutse ba, idan an san nauyinsa da kaurin ruwan. An ɗauki jarkar 'yan garuwa a unguwar Gudu ta Abuja a matsayin misalin lissafi. An nuna cewa iskar da aka bari cikin abu ta fi zafin rana ɓata sakamako nesa ba kusa ba.

1.0 Gabatarwa

Arkimidis, masanin Sirakusa da ya rasu a shekarar 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya fara tabbatar da cewa duk abin da ya taso a ruwa yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Malaman Musulunci sun ɗora a kai. Al-Biruni ya auna kaurin ƙarafa da duwatsu masu daraja, sannan wajajen 1121 al-Khazini ya rubuta Mizanul Hikma a birnin Marwa, inda ya bambance nauyin ruwan zafi da na sanyi.

A nan, girma shi ne gurbin da abu ke cikewa, ana auna shi da lita. Kauri kuwa shi ne nauyin lita guda.

2.0 Ƙa'idar Lissafi

Jirgin ruwa ko ƙwarya suna barin kaso mai yawa a sama, don haka ruwan da suka ture bai kai girmansu ba. Abu mai daf da nutsewa daban yake: kusan dukkan jikinsa na cikin ruwa, amma bai taɓa ƙasa ba. Ke nan ruwan da ya ture girmansu ɗaya, nauyinsu ɗaya. Sai a raba nauyin abin da kaurin ruwan, a sami girmansa. Ba a buƙatar sanin siffarsa ko abin da aka ƙera shi da shi, kuma a ganin wannan bincike nan ne amfanin hanyar yake, domin jarka mai mariƙi da lanƙwasa ba ta aunuwa da tef.

3.0 Misalin Jarka

Duk wanda ya bi ta kasuwar Gudu zuwa Apo ya san jarkar nan mai ruwan ɗorawa, mai cin lita 25, wadda 'yan garuwa ke jerawa a kura. Robar da aka yi ta da ita kaurinta kusan kilo 0.95 ne a lita, ƙasa kaɗan da na ruwa. Idan aka cika ta maƙil, aka ɗaure murfi, aka sake ta cikin tanki, za a ga ta yi ƙasa sannan ta taso a hankali, gefe ɗaya kawai ke leƙowa.

A ƙaddara robar ta kai kilo 1.2, ruwan kuma yana da zafin digiri 30, wanda ba baƙo ba ne a tankin da ya wuni a ranar Maris a Abuja. A wannan zafi lita guda ta ruwa kilo 0.9957 ce. Ruwan ciki zai kai kilo 24.89, jimilla kilo 26.09. Rabawa da 0.9957 ya ba da lita 26.20. Girman gaskiya, wato lita 25 haɗe da lita 1.26 ta roba, shi ne 26.26. Giɓin lita 0.06 shi ne ɗan ɓangaren da ya leƙo, kimanin cokalin cin abinci 4.

Ɗalibin da ya haddace cewa lita kilo guda ce zai sami 26.09, ya ƙara kuskuren lita 0.11. Wannan adadi na kilo guda na ruwa ne mai sanyin digiri 4, sanyin da ruwan tanki a Gudu ba ya kaiwa ko a tsakiyar hunturu. Duk da haka kuskuren kaɗan kawai ya wuce tazarar giram 100 ta sikelin kasuwa.

Babbar matsalar ita ce iska. Ɗan garuwa ba ya cika jarka har wuya, saboda tangaɗin kura. In aka bar gurbin lita guda, nauyi zai sauka zuwa kilo 25.09, lissafi ya ba da 25.20, kuskure ya haura lita guda, wato kashi 4 cikin 100. Jarkar za ta taso sosai, sharaɗin hanyar ya karye ke nan.

4.0 Abin da Ya Fi Ruwa Kauri

Sabon ƙwai yana nutsewa, shi ya sa mata ke gwada shi a kwanon ruwa kafin su saya. Don gano girmansa, a riƙa zuba gishiri a ruwan ana motsawa har ƙwan ya ɗago ya tsaya ƙarƙashin fuskar ruwa, sai a auna lita guda ta ruwan gishirin. In ta kai giram 1,080, ƙwai mai giram 60 girmansa mililita 55.6 ne.

5.0 Shawara

Malaman kimiyya a makarantun Gudu da kewaye su sa ɗalibi ya auna zafin ruwa kafin ya taɓa alƙalami, ya kuma kori iska da kumfa daga jikin abin. Matuƙar abin ya leƙo sama da yawa, kada a karɓi amsarsa.