Kare Tsofaffin Gidaje Daga Zafi Da Sanyi A Kaduna Ta Kudu

Gidaje da dama a Kakuri da Makera, kudu da Kogin Kaduna, an gina su ne a zamanin masaƙu, bayan buɗe masaƙar KTL a 1957. Rufin kwanonsu yakan gasa ɗaki a watannin Maris da Afrilu, ba ya kuma riƙe ɗumi a daren hunturu.

Babban magani shi ne sanya silin, a bar sarari tsakaninsa da kwano domin iska ta ratsa. Shafa wa kwano farin fenti da dasa darbejiya ta yamma da gida suna rage zafi da kuɗin wuta. Da hunturu kuwa, a toshe kafofin tagogi.

Kada a fasa tsohon silin asbestos, domin ƙurarsa tana cutar da huhu. A nemi ƙwararre.