Daga Wanzami Zuwa Ƙarfen Haƙori

A Tama, kakata ba ta taɓa zaɓen likitan haƙori ba. In haƙori ya dame ta, wanzamin gidanmu ake kira, wanda ubansa ya yi wa ubanta aiki. Gado ne shaidarsa. Adon baki kuwa asuwaki ne, da fure da goro, sai haƙorin Makka ga wanda ya sauke farali.

Jera haƙora da ƙarfe daga nesa ya zo mana. Bafaranshe Pierre Fauchard ya bayyana shi a littafinsa na 1728, Ba'amurke Edward Angle kuma ya kasa karkacewar haƙora gida uku a 1899.

Ni dai haƙorana na gaba sun turo, sai da na girma na nufi Yamai. Likitan farko ko hoton muƙamuƙina bai ɗauka ba ya yanka kuɗi. Na ce ba a cinikin biri a sama, na fice. Na biyu ya nuna mini takardar ƙwarewarsa, ya ce aikin zai ci shekara biyu, har ya tambaye ni ko a bar mini wushiryata.

'Yan uwa, kakata ta san uban wanzaminta. Mu da ba mu san uban likita ba, mu tambayi inda ya yi karatu.